Baƙo raɓa ne: Wa ke duba idon Dogarawa bayan likitocin sa-kai sun koma gida?

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi ya san wurin. Da zarar an wuce Birnin Ƙonni, aka bar kamfanin siminti na Malbaza a baya, sai a faɗa ƙasar Dogarawa, inda a lokacin girbi buhunan albasa ke jere a bakin titi suna jiran manyan motoci. Gaba kaɗan, a cikin wannan ƙaramar hukuma ta jihar Tawa, ga garin Galmi.

Abu biyu ne suka fitar da sunan Galmi. Na farko jar albasarta, wadda fatake ke kai wa har Gana, Kwaddibuwa da Jamhuriyar Benin. Na biyu asibitin mishan da ke garin tun 1950, wanda marasa lafiya ke nufa daga Ƙonni, Illela, Madawa, har ma daga ƙauyukan Sakkwato da ke tsallaken iyaka.

A tashoshi da kasuwannin wannan yanki akwai wani hoto da ido ya saba da shi har ya daina lura: dattijo riƙe da wutsiyar sanda, yaro riƙe da kanta yana jan sa. Mutum biyu ke nan makanta ta ɗaure. Dattijon ya bar dashen albasa, ya bar karatun Alƙur'ani da idonsa, ba ya iya bambance takardun kuɗi. Yaron kuma, wanda ya kamata a ce yana aji ko yana gaban malam da allonsa, ya zama ɗan jagora.

Sau da yawa abin da ya raba dattijon da ganinsa yanar ido ce, kuma aikin da ke cire ta bai kai rabin awa ba. Wannan ne ya sa likitoci da ma'aikatan jinya daga Amurka, Turai, Asiya da ƙasashen Larabawa ke ɗaukar hutunsu, su biya kuɗin jirgi daga aljihunsu ko da gudummawar majami'u da ƙungiyoyi, su zo Sahel aikin ido na mako ɗaya ko biyu. Alherinsu a bayyane yake. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ke faruwa da idon bayan jirginsu ya tashi?

Daga kuturta zuwa ido

Ƙungiyar da ta gina asibitin Galmi, wato SIM, ta samo asali ne a 1893, lokacin da wasu matasa uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kutsawa cikin ƙasar da a wancan zamani Turawa ke kira Sudan. Biyu daga cikinsu sun rasu kafin shekara ta zagayo, Bingham ne kaɗai ya koma gida da rai, kuma shi ya ci gaba da jan ragamar ƙungiyar.

A Arewacin Najeriya, Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗe musu ita ce ta magani. A ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa SIM kula da asibitocin kutare irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A 1943 kuma aka buɗe asibitin ido na Kano ƙarƙashin Dokta Douglas Hursh. Shi ne wanda a yau ake kira asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, wanda ya shafe fiye da shekara 80 yana karɓar marasa lafiya daga sassan Najeriya da maƙwabtanta, har da Nijar.

A ɓangaren Nijar, SIM ta fara zama a Damagaram a 1924, daga baya ta kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi. Dokta Burt Long, wani likita Ba'amurke, shi ya fara aikin asibitin Galmi a 1950. Bayan 'yan shekaru aka buɗe asibitin kutare na Danja a kudancin Maraɗi.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da aka gina da ziyarar mako biyu. Mutane ne suka zo suka zauna shekara da shekaru, suka koyi Hausa, suka horar da 'yan ƙasa. A yau akasarin ma'aikatan asibitin Galmi 'yan Nijar ne, kuma a nan ake horar da likitocin Afirka aikin tiyata a ƙarƙashin shirin PAACS. Masu aikin sa-kai na gajeren zango suna zuwa Galmi, amma suna sauka ne a kan tabarmar da aka riga aka shimfiɗa: akwai ɗakin tiyata, akwai masu fassara, akwai wanda zai ci gaba da duba mara lafiya bayan sun tafi.

Abin da ke makantar da mutane

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga cikinsu matsalarsu irin wadda za a iya kare ta ce ko a magance ta, amma ba a yi ba. Daga cikin waɗannan, kimanin miliyan 94 yanar ido ce ta rage musu gani ko ta makantar da su.

A cikin idon kowane mutum akwai wani ɗan madubi garai-garai da haske ke ratsawa. Da shekaru suka ja, sai ya fara dusashewa, mutum ya riƙa ganin duniya kamar ranar da hazo ya sauka, har ta kai ga ba ya gane komai sai bambancin dare da rana. Wannan ita ce yana. Ciwon suga, buguwa a ido da yawan amfani da wasu magunguna ba bisa ƙa'ida ba suna iya gaggauta ta. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke ta. Sai tiyata.

Babban binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yana ce ta haddasa kimanin kashi 43 cikin 100 na makantar. Binciken ya nuna Arewa ta fi Kudu fama da matsalar. Tsakanin Illelar Sakkwato da Birnin Ƙonni kuwa tafiyar 'yan mintoci ce. Jama'a ɗaya ce, rana ɗaya ke dukansu, ƙurar hunturu ɗaya suke sha.

Wani abin da binciken ya tono ya fi tayar da hankali. A cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 cikin 100 ba a asibiti aka yi musu ba. Masu aikin gargajiya ne da ke yawo ƙauye-ƙauye suka yi, inda suke soka wani tsinke su tura madubin da ya dusashe ya faɗa can cikin ido. A ranar farko mutum kan ga haske, a yi murna, a biya. Bayan kwanaki ko watanni sai ciwo da kumburi su biyo baya, kuma mafi yawan irin waɗannan idanu sukan ƙare a makance. Lokacin nan mai tsinken ya daɗe da barin gari.

Bayan yana akwai amosanin ido, wanda ke yaɗuwa ta hanyar ƙuda da ƙazantar fuska, ya juyar da gashin ido ciki yana gogar ƙwayar ido har ya lalata ta. Akwai hawan jinin ido, mai cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba. A wajen yara kuma akwai ƙyanda da ƙarancin sinadarin bitamin A, wanda alamarsa ta farko ita ce dundumi.

Yadda aikin mako biyu ke gudana

Tawagar aikin ido, ta coci ce ko ta wata gidauniyar Musulunci, tsarinta kusan ɗaya ne. Tun kafin baƙin su iso ake yin shela a rediyo, a masallatai da ranakun kasuwa. Ranar farko layi kan miƙe tun asuba: tsofaffi a kan amalanke, wasu a bayan babur, kowa da ɗan jagoransa.

Matakin farko shi ne tantancewa. Ana gwada gani da allon alamomi, a haska ido, a auna ƙarfin bugunsa, a duba hawan jini da suga. A nan ne ake raba masu yana da waɗanda tabarau kawai suke buƙata, da kuma waɗanda tiyata ba za ta amfane su ba. Wannan rukuni na ƙarshe shi ne mafi nauyi ga mai fassara, domin shi ne zai dubi mutumin da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota ya gaya masa cewa jijiyar idonsa ta riga ta mutu.

Wanda aka zaɓa, sai a yi masa allurar kashe zafi a gefen ido, yana farke. Likita ya yi 'yar ƙaramar tsaga, ya zaro madubin da ya dusashe, ya saka na roba a gurbinsa. A hannun gwani aikin kan ɗauki minti 10 zuwa 20, kuma galibi ba a buƙatar ɗinki. Washegari da safe ake kwance bandeji.

Wannan madubin roba shi ma yana da tarihi. Wani likita ɗan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara saka shi a idon mutum a birnin Landan a 1949. Shekaru da dama yana da tsadar da talaka ba zai iya ba, har sai da asibitin Aravind na Indiya ya buɗe masana'antarsa a 1992, gidauniyar Fred Hollows kuma ta buɗe nata a Eritiriya da Nepal a tsakiyar shekarun 1990. Farashin ya faɗo zuwa 'yan daloli. Abin da ya kawo tiyatar zamani kusa da manomin albasa ke nan, kuma daga ƙasashe masu tasowa mafitar ta fito.

Ba likitoci kaɗai ke cikin tawaga ba. Akwai masu rubuta suna, masu wanke kayan aiki da dafa su, masu riƙe hannun tsofaffi, masu gyaran janareta. Da yawa daga cikin baƙin ba su taɓa ganin zafin watan Afrilu na Adar ba, ba sa jin Hausa ko Faransanci, kuma duk abin da za su faɗa sai ya bi ta bakin ɗan gari. Idan aka cire ma'aikatan jinya da masu fassara na gida, tawagar ba za ta iya yi wa mutum ɗaya aiki ba.

Bayan an kwance bandeji

Safiyar kwance bandeji ita ce ake ɗauka a hoto. Ita ake nuna wa waɗanda suka ba da gudummawa a can gida, ita ke yawo a Facebook da WhatsApp. Sai dai a wajen likitocin ido, ba a ranar ake yanke hukunci kan nasarar aiki ba.

Ido da aka yi wa tiyata yana buƙatar a sake duba shi bayan kimanin mako ɗaya, sannan bayan mako huɗu zuwa shida. A tsakanin nan mara lafiya zai riƙa ɗiga magani sau da yawa a rana, ya kiyaye ƙura da hayaƙin murhu, ya guji murza idon. Ga matar da ita ke daka, ita ke girki da itace, ko manomin da lokacin ban ruwa ya kama, wannan umarni ba ƙaramin abu ba ne.

Idan ƙwayar cuta ta shiga cikin idon, a 'yan kwanaki kaɗan za ta iya cinye shi, kuma ceto shi na buƙatar likita a kusa, cikin gaggawa. Wasu kuma bayan watanni ko shekaru sai wani tantani ya sake rufe bayan madubin robar, ganinsu ya koma dishi-dishi. Gyaran wannan aikin 'yan mintoci ne da na'urar leza, amma sai a babban asibitin ido ake samun ta. Wanda ba a yi wa bayani ba zai ɗauka yanar ce ta dawo, ya koma gida ya gaya wa maƙwabta cewa aikin asibiti ba ya ɗorewa. Tsoho ɗaya da aikinsa ya ɓaci ya isa ya hana ƙauye guda zuwa asibiti, ya kuma buɗe wa mai tsinke kasuwa.

Shi ya sa WHO ta daɗe da kafa ma'auni: a cikin idanu 100 da aka yi wa aikin yana, aƙalla 80 su samu gani mai kyau, waɗanda suka ƙare da mummunan sakamako kuma kada su kai biyar. A 2021 ƙasashen duniya suka amince a babban taron hukumar cewa zuwa 2030 za su ƙara yawan masu samun tiyatar yana mai inganci da maki 30 cikin 100. Kalmar inganci ita ce sabon abu a ciki. Ƙidayar mutum nawa aka yi wa aiki ba ta wadatar ba, sai an san mutum nawa ne suke gani bayan aikin.

Hawan jinin ido kuwa ya fi ƙarfin kowace ziyara. Ganin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ake yi shi ne tsare wanda ya rage, da maganin ɗigawa na tsawon rai ko tiyata da bibiya. Kwalba ɗaya da baƙo ya bayar kyauta za ta ƙare a wata guda.

Ko tabarau ma akwai magana. An saba ganin tawagogi sun zo da kwalaye cike da tsofaffin tabarau da aka tattara a majami'u da shaguna a ƙasashen waje. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya duba irin waɗannan tabarau 275, ya samu kashi 7 cikin 100 ne kacal ke da amfani, kuma idan aka lissafa kuɗin tantancewa da jigila, kowane ɗaya ya fi sabo tsada. Masana da dama yanzu sun fi son a sayi sababbi masu rahusa, a kuma horar da ɗan gari da zai riƙa gwaji yana sayarwa a kasuwarsu.

Magani da wa'azi

Kusan duk mutanen Nijar Musulmi ne, don haka batun addini ba ya rabuwa da aikin asibitin mishan. SIM ba ta ɓoye cewa ita ƙungiyar bishara ce ba, kuma masu zuwa aikin sa-kai ta hannun coci suna ɗaukar aikin a matsayin ibada. A ɗaya ɓangaren, shekara fiye da 70 ke nan Musulmin Dogarawa da kewaye suna kai matansu haihuwa da 'ya'yansu magani Galmi, suna komawa gida da addininsu. Zaman ya ɗore ne saboda kowa ya san kowa.

Inda ake samun matsala shi ne wajen baƙon da bai san wuri ba, wanda ya zo da ɗoki, yana ganin layin marasa lafiya a matsayin taron masu sauraro. Mutumin da ke kwance ana shirin taɓa idonsa ba ya cikin halin da zai ce a'a. Ƙa'idojin aikin agaji da ƙungiyar Red Cross da wasu manyan ƙungiyoyi suka fitar a 1994 sun bayyana cewa ana ba da taimako ne bisa buƙata kawai, kuma ba a sharɗanta shi da karɓar wata aƙida ta addini ko siyasa. Ƙungiyoyin addini da dama, na Kirista da na Musulmi, sun sa hannu a kai.

Fagen ma yanzu ba na mishan kaɗai ba ne. Gidauniyar Al-Basar ta Saudiyya tana da asibitocin ido na Makka a Kano, Yamai da Maraɗi. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ƙaddamar da shirin yaƙi da makanta a 2008, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko da suka amfana. Ƙungiyoyin Turkiyya ma sun yi ayyukan yana a ƙasar. A gefe guda ƙungiyar CBM, wadda wani fasto Bajamushe, Ernst Christoffel, ya assasa a 1908, ta daɗe tana tallafa wa asibitin ido na ECWA a Kano. Ga mai yana, ma'aunin duka ɗaya ne: hannun likita ya iya, kayan aiki su kasance da tsabta, kuma a same su idan an dawo.

Hanya ta ƙara tsawo

A 'yan shekarun nan zuwan baƙi wannan yanki ya ƙara wuya. A watan Oktoban 2016 aka sace wani ma'aikacin agaji Ba'amurke a Abalak da ke jihar Tawa, bai samu 'yanci ba sai a watan Maris na 2023. A Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurken a ƙauyen Masalata, dab da Birnin Ƙonni, kafin sojojin Amurka su kuɓutar da shi a cikin Najeriya bayan 'yan kwanaki. Ƙasashen Yamma da dama suna gargaɗin 'yan ƙasarsu game da tafiya Nijar.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya zo da nasa. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar. Hanyar Ƙonni zuwa Illela, wadda masu neman magani ke bi zuwa Sakkwato da Kano, ta kasance a rufe a hukumance har zuwa Maris na 2024. A watan Fabrairun 2025 kuma hukumomin Yamai suka umarci ƙungiyar agaji ta ICRC ta rufe ofisoshinta.

Yana ba ta san da takunkumi ba. Kowace shekara sababbin mutane na shiga sahun masu buƙatar tiyata, ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Ga kuma ƙarancin likitoci: ƙididdigar da aka yi kan shekarar 2015 ta nuna ƙasashen Afirka kudu da Sahara na da likitan ido ƙasa da uku ga kowane mutum miliyan ɗaya, yayin da ƙasashe masu arziki ke da fiye da 70. 'Yan kaɗan ɗin da ake da su ma sun taru ne a manyan birane.

Abin da Nijar ta riga ta gwada

Duk da haka Nijar tana da abin nunawa. A ranar 30 ga Janairun 2025 WHO ta tabbatar da ita a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da ƙudan rafi ke haddasawa. An kai ga haka ne bayan aikin da aka faro tun shekarun 1970 na feshin wuraren da ƙudan ke hayayyafa, da rabon magani, da sa ido na tsawon shekaru.

Haka yaƙi da amosanin ido. Shirin kula da lafiyar ido na ƙasa, tare da tallafin Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller, ya bi matakai huɗu: gyaran fatar ido ga waɗanda gashin idonsu ya juya, rabon maganin azitromisin gida-gida, wanke fuskar yara, da gina masai don rage ƙuda. Waɗanda suka yi dubban ayyukan gyaran fatar idon ma'aikatan jinya ne 'yan Nijar da aka horar, suna bin ƙauyuka a kan babur. Kuɗi da magani sun zo daga waje, hannun da ya yi aikin na gida ne.

Darasin da ke ciki ya shafi mai aikin sa-kai ma. Likitan da ya zo ya yi wa mutum 200 tiyata ya yi alheri babba. Wanda ya tsaya a bayan matashin likita daga jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi yana gyara masa hannu, ya bar abin da zai ci gaba da aiki shekara 30. Cibiyar IOTA da ke Bamako, wadda aka kafa a 1953, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, suna horar da irin waɗannan ƙwararru, amma ana buƙatar mai biyan kuɗin karatu da kayan aikin da za su tarar idan sun dawo.

Rabon 'yan birni da mazauna waje

'Yan asalin Adar da Ƙonni sun cika Yamai, Legas, Abijan, Kumasi, Libiya da Saudiyya, wasu har Turai da Amurka. Duk wata suna aika kuɗin hatsi, na biki da na gini. Kaɗan ne ke tambayar ko Baba yana iya gane fuskar jikokinsa, domin an saba ɗaukar raunin gani a matsayin kayan tsufa.

Likitocin ido suna ba da shawarar duk wanda ya haura shekara 40 ya je a duba idonsa lokaci-lokaci, musamman mai ciwon suga ko wanda hawan jinin ido ya taɓa kama wani a danginsa. Idan tsoho ya fara lalube da rana, ko ya ce yana ganin hazo, asibiti za a nufa tun kafin mai tsinke ya riga kowa. Kada a ɗiga masa ruwan ganye, tozali ko maganin da aka saya a tebur.

Idan kuma aka ji shelar aikin ido kyauta, akwai tambayoyin da ya kamata dangi su yi kafin a kwantar da shi. Shin tawagar na da izinin hukumar lafiya? Da wane asibiti na kusa take aiki? Wa zai duba idon bayan mako ɗaya da bayan wata guda? Idan ciwo ya tashi da dare, lambar wa za a kira? Tawagar kirki ba ta jin haushin irin waɗannan tambayoyi, ta riga ta tanadi amsarsu.

Ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗin gina masallaci ko haƙa rijiya za su iya ware wani kaso don motar da za ta kai tsofaffi asibitin ido ta dawo da su, ta sake mayar da su ranar bibiya. Za su iya ɗaukar nauyin karatun yaro ko yarinya ɗaya daga garin a fannin jinyar ido. Ɗalibin da ya zo hutu, mai jin Hausa da Faransanci ko Ingilishi, zai iya tsayawa fassara ko rubuta sunayen waɗanda za su dawo, ya kuma bi su da waya. Shi ma aikin sa-kai ne, ba ya buƙatar biza ko tikitin jirgi.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana jiƙa ganye da safe, amma manomin Galmi ya san ba da ita albasa ke nuna ba, sai da ban ruwan yau da gobe. Ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba ce Ranar Gani ta Duniya, lokacin da asibitoci da ƙungiyoyi da dama kan yi gwajin ido kyauta. Ga wanda ke da tsoho a gida mai laluben bango, babu dalilin jiran ranar.